Mai mayanka ne ya kamata ya amsa, ba ɗan kwangila ba

A watan Fabrairun 2023 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta ci tarar kamfanin Packers Sanitation Services dala miliyan 1.5, bayan ta gano yara 102 masu shekara 13 zuwa 17 suna aikin dare a masana'antun nama 13 cikin jihohi 8. Aikinsu wanke zarton yanka ƙashi da injin fasa kan dabba, da sinadarai masu cin fata. Wasunsu sun ƙone, wasu kuma gari na wayewa sai gyangyaɗi a aji. Abin lura shi ne inda tarar ta sauka. Ba ta sauka kan manyan kamfanonin da suka mallaki wuraren ba, irin su JBS da Cargill da Tyson, domin a takarda yaran ba ma'aikatansu ba ne. Na ɗan kwangila ne. A ganina nan cutar take, kuma nan ya kamata doka ta sa hannu: wanda ya mallaki mayanka, yake kwasar ribar naman, shi zai amsa tambaya kan duk wanda ya zubar da gumi ko jini a cikinta.

Tsarin ba a ɓoye yake ba. Babban kamfani ya ba da aikin fiɗa ko wanki ga ɗan kwangilar da ya fi araha, shi kuma ba inda zai matse ya fitar da riba sai jikin lebura. Sai ya nemo wanda ba shi da bakin magana: baƙon da ba ya jin harshen ƙasar, ɗan gudun hijira, wanda takardunsa ba su cika ba. A Jamus ’yan Romaniya da Bulgeriya da Folan ne suka cika mayankar aladu ta Tönnies da ke Rheda-Wiedenbrück, ana cusa su a ɗakunan haya, ana cire kuɗin ɗakin daga albashinsu. Wanda ya ba ka aiki shi ne ya ba ka makwanci, ranar da ka ɗaga murya ka rasa duka biyun. Da korona ta shiga wurin a watan Yunin 2020, sama da ma'aikata 1,500 suka kamu, har aka sake kulle gundumar Gütersloh. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Masu kare tsarin suna cewa ba wanda aka tilasta wa, kuma abin da baƙon ke samu ya ninka na garinsu. Gaskiya ne ya ninka, shi ya sa ya baro gida. To amma yardar mai jin yunwa ba ta halatta a cuce shi, kuma ma'aunin hakkinsa dokar ƙasar da yake aiki ce, ba talaucin da ya guda ba. Suna kuma cewa kamfani ba zai san abin da ɗan kwangila ke yi ba. Wannan ba ta shiga hankali. Kamfanin da ke iya bin sawun kwalin nama daga kanti har zuwa gonar da dabbar ta fito, ba zai kasa gane ɗan shekara 13 a ɗakin injinsa da tsakar dare ba. Da wani yaro ɗan shekara 16 ɗan asalin Gwatemala ya mutu cikin inji a masana'antar kaji ta Mar-Jac a Misisifi a watan Yulin 2023, kamfanin ya nuna yatsa ga masu kawo masa ma'aikata. Rashin sanin nan saye aka yi, kuma shi ne babban amfanin ɗan kwangila.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta farashi: a gyara, nama ya yi tsada, talaka ya ji a jikinsa, ko masana'antu su yi ƙaura. Ba a raina wannan. Sai dai an riga an gwada. Jamus, ƙarƙashin ministan ƙwadago na lokacin Hubertus Heil, ta haramta aikin kwangila wajen yanka da fiɗa da sarrafa nama daga 1 ga Janairun 2021, ta bar ƙananan mahauta masu ma'aikata ƙasa da 50. Kamfanoni sun garzaya kotun tsarin mulki a dakatar da dokar, kotu ta ƙi. Suka ɗauki dubban leburori aiki kai tsaye, kuma ba a daina yanka a Jamus ba. Aikin na nan da sanyinsa da saurinsa, ƙorafi kan masauki bai ƙare ba, amma yau in aka danne wa ma'aikaci awannin aikinsa ya san sunan da zai kai ƙara.

Amurka ta fi karkata ga farautar leburan. A watan Agustan 2019 jami'an shige da fice sun kame mutum kusan 680 a masana'antun kaji na Misisifi cikin yini ɗaya. Darasin da sauran ma'aikata suka ɗauka shi ne kowa ya ja bakinsa, ko da yatsa ya guntule. Tarar yara 102 ɗin nan kuwa, in aka raba, dala 15,138 ce kan kowane yaro, iyakar abin da doka ta yarda a ci a lokacin. Kamfani mai ma'aikata dubbai zai rubuta wannan cikin kuɗin gudanarwa, kusa da na wuta da na ruwa.