FAIFAN RARIYA: SULHU TSAKANIN MAKAƊI DA MAƘWABCINSA

A ɗan filin nan da aka ba ni ina so in yi magana a kan wata gardama da ta daɗe tsakanin yaro mai koyon gangar Turawa da mutanen da ke zaune kusa da shi. Shi yana so ya koya, su kuwa suna so kunnensu ya huta, kuma kowa da gaskiyarsa. Ni ɗan ƙungiyar kiɗa ne a makarantar nan, kuma ra'ayina shi ne yanzu an sami hanyar raba wannan gardama ba tare da an cuci kowa ba. Hanyar ita ce a yi amfani da fayafayan ƙarfe masu ƙaramar murya, a haɗa su da na'urar gangar lantarki.

Da farko bari in yi bayani saboda waɗanda ba su taɓa zama a bayan kayan ba. Abin da muke kira gangar Turawa jeri ne na ganguna manya da ƙanana, mutum ɗaya ke kaɗa su da hannu biyu da ƙafa biyu. A samansu akwai wasu fayafayan ƙarfe da ake kira simbal. Waɗansu a rataye suke a kan sanda, akwai kuma wasu tagwaye masu haɗa baki, waɗanda ake buɗewa a rufe da takin ƙafar hagu. Sana'ar ƙera su tsohuwa ce. Gidan Zildjian, wanda ya fi kowa suna a kanta, ya soma ne a birnin Santambul a shekarar 1623, a hannun wani mutumin Armeniya mai suna Avedis, kafin zuriyarsa su kai sana'ar Amurka a 1929. Mafi kyawun fayafayai ana zuba su ne da jan ƙarfe kashi 80 da kuza kashi 20. Tun asali kuwa don ƙara aka yi su, domin a ji su a tsakiyar rundunar mabusa da makaɗa.

To, wannan ƙarar ita ce tushen rigima. Masana suna auna ƙarfin sauti da wani ma'auni mai suna desibel. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka suka ba da ita ce, kada mutum ya wuce awa 8 a cikin ƙarar da ta kai desibel 85. Duk sa'ad da aka ƙara 3 a kai, sai lokacin ya ragu da rabi. Ke nan in ƙara ta kai 100, minti 15 kaɗai ya rage wa mutum. Jerin ganguna kuwa, in aka dake shi da ƙarfi, yakan wuce 100. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalata jinsu saboda sauraron ƙara mai yawa. Irin wannan kurunta ba ta warkewa, in ji ya tafi ya tafi ke nan.

Bayan lafiyar kunne akwai hakkin maƙwabtaka. Yawancinmu a cikin unguwa muke, katanga na jingine da katanga. Ga mai jego da jariri, ga tsoho mara lafiya, ga ɗalibi mai bitar jarrabawa, ga lokutan ibada. A makaranta ma ɗakin taro ba shi da nisa da azuzuwa. Saboda haka abin da yakan faru shi ne a rage wa makaɗa lokaci, a sake ragewa, har wata rana a kulle kayan a sito, ƙura ta rufe su. Yaron da Allah Ya ba shi baiwa sai ya tashi bai iya kome ba, domin ba a koyon ganga da minti talatin a mako.

Masu ƙera kayan kiɗa sun daɗe suna neman magani. A 1981 kamfanin Simmons na Ingila ya fito da gangar lantarki mai kusurwa shida, wadda ta cika waƙoƙin wancan zamani. A 1983 aka tsayar da tsarin MIDI, wato yaren da na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi. A 1997 kamfanin Roland na Japan ya kawo ganga mai fatar raga, wadda sanda ke dawowa daga kanta kusan kamar fatar gaske, amma ba ta da ƙara. Da wannan aka sami sauƙi ta wajen ganguna. Saura fayafayai, waɗanda yawanci aka ci gaba da yin su da roba. Duk wanda ya taɓa dukan faifan roba ya san bambancin. Sanda ba ta tashi daga kansa yadda take tashi daga ƙarfe, kuma abin da kunne ke ji a ɗaki wani "ƙwas-ƙwas" ne mara daɗi, kamar ana dukan tsohuwar taya.

A nan ne faifan da nake magana ya shigo. Ƙarfe ne sosai, siffarsa da faɗinsa irin na sauran, sai dai an huda jikinsa da ƙananan huji masu ɗimbin yawa. Shi ya sa mu a ƙungiyarmu muke ce masa faifan rariya. Dalilin raguwar muryarsa ba shi da wuyar ganewa. Sauti iska ce da ake turawa. Ɗauki mafici ka huhhuda shi, sa'an nan ka yi fifita, za ka ji iskar ta ragu, domin ta sami hanyar zurarewa. Haka faifan yake, yana karkarwa amma ba ya tura iska da yawa. Zildjian sun fito da nasu mai suna L80 a 2015, suka ce ƙararsa ta kasa ta faifan gargajiya da abin da ya kai kashi 80 cikin 100. Kamfanin Sabian na Kanada ma yana da nasa mai suna Quiet Tone, ga kuma masu sauƙin kuɗi da ake ƙerawa a ƙasar Sin.

Amma muryar faifan rariya siririya ce, ba ta cika kunne. Don haka sai masu dabara suka ce, me zai hana a bar hannu ya daki ƙarfe, na'ura kuma ta ba da sauti? Abin da ke yin wannan aiki wani ɗan faranti ne da bai fi kwabo faɗi ba, ana kiransa fiyezo. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su ne suka gano a 1880 cewa akwai duwatsun da in aka matsa su sukan fitar da 'yar wutar lantarki. Irin wannan hikima ce a cikin laitar da ake dannawa ta yi "ƙyas" ta ba da tartsatsi. Ana manna farantin a ƙarƙashin faifai, a ja waya daga gare shi zuwa wani ɗan akwati da makaɗa ke kira ƙwaƙwalwa. Da zarar sanda ta sauka, sai farantin ya aika da 'yar wuta. Ƙwaƙwalwa ta auna ƙarfinta, ta sa ta a wani mataki tsakanin 1 da 127, sa'an nan ta saki sautin babban faifai da aka riga aka ɗauka aka ajiye a cikinta. A lura, farantin nan ba makirufo ba ne, domin ba ya ɗaukar murya. Ɗan aike ne kurum, saƙonsa shi ne an yi duka, kuma ga ƙarfinsa. Makaɗi na sanye da na'urar kunne yana jin kansa kamar a babban dandali, wanda ke ɗakin kusa kuwa ɗan shiii kaɗai ke isa gare shi.

Aikin yana da 'yan matsalolinsa, kuma gara a san su kafin a kashe kuɗi. Ƙarfe ba ya yin shiru nan da nan bayan duka, yakan ci gaba da karkarwa, sai ɗan aike ya ɗauka an sake dukansa, na'ura ta fitar da sauti biyu ko uku a madadin ɗaya. Maganin wannan shi ne a zagaye bakin faifan da siririyar roba, a kuma saita ƙwaƙwalwa ta toshe kunne na ɗan ƙanƙanin lokaci bayan kowane duka. Wani lokaci kuma ka daki ganga, girgizar ta bi sandar rataya ta ta da faifan da ba ka taɓa ba. Shi ma akwai wurin saita shi, inda za a gaya wa na'ura kada ta kula da saƙon da bai kai wani ƙarfi ba. Tagwayen faifai su suka fi wuyar sha'ani, domin suna bukatar wata na'ura dabam mai auna yadda ƙafa ta buɗe su. Haka kuma in kana so ka cafke faifai da hannu sautin ya ɗauke, sai an sa masa maɓalli a baki. A ƙasarmu ga ƙarin abu biyu, zafin bazara mai sassauta gam, da ƙurar hunturu mai shiga ramin waya. Duk da haka dabarar ta karɓu, har a 2024 Zildjian da kansu suka fito da cikakken jerin gangar lantarki mai suna ALCHEM-E, wanda fayafayansa na ƙarfe ne masu huji.

Dalilina na farko na goyon bayan wannan hanya shi ne hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da roba, ranar da aka zaunar da shi gaban ƙarfe sai ya koma baƙo. Ku dubi marigayi Tony Allen, makaɗin Fela Kuti, wanda aka haifa a Legas a 1940 ya rasu a Faris a 2020. Cikin abubuwan da suka sa duniya ta san shi har da yadda yake sarrafa tagwayen faifai da ƙafar hagu, ya ɗan buɗe, ya ɗan rufe, ba ya yin garaje. Irin wannan laushin hannu da ƙafa a kan ƙarfe ake samunsa.

Dalili na biyu kowa a nan ya san shi, wato ɗaukewar wuta. In babu lantarki faifan roba ya zama marfin tukunya. Faifan rariya kuwa yana nan da 'yar muryarsa, darasi ba zai tsaya ba. Na uku, aikin haɗa shi kansa ilmi ne. Ɗalibin da ya manna faranti, ya haɗa waya da dalma, ya gano dalilin sauti biyu har ya gyara, ya yi darasin kimiyya da hannunsa, wanda ba zai manta ba kamar na kan allo.

Na san akwai masu ja. Wani uba zai ce abin yana da tsada. Gaskiya ne, na manyan kamfanoni ba na kowa ba ne. Amma shi farantin fiyezo yana cikin mafi arahar kayan lantarki, kuma ana samun ƙwaƙwalwa ta hannu. Ba sai kowane gida ya saya ba, jeri ɗaya a makaranta ya ishi yara da yawa su yi karɓa-karɓa. Wani zai ce mun bar kalangu da kotso mun bi kayan baƙi. Ni ban ce a ajiye kalangu ba, kuma ban ji na'urar da ta iya maganar da kalangu ke yi a hammatar gwani ba, irin wadda makaɗan marigayi Mamman Shata suka yi. Sai dai mu duba, yawancin waƙoƙin finafinan Hausa na yau da fiyano da kwamfuta ake haɗa su a situdiyo, sautin gangarsu ma daga na'ura yake fitowa. Tun da na'ura ta riga ta shigo gida, gara a sami yaran da hannunsu zai riƙa jan ta, maimakon a bar ta tana kiɗa ita kaɗai.

Sukar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta malaman kiɗa, masu cewa na'ura tana rufa wa mai koyo asiri. Ko ka yi duka a karkace, sautin da aka ajiye mai kyau ne zai fito, sai yaro ya ɗauka ya iya. Wannan haka yake, kuma shi ya sa na fi son ƙarfe a kan roba, domin ƙarfe yana da tasa muryar mai faɗin gaskiya. Shawarata ita ce a raba lokacin bita biyu. Rabin farko a kashe na'ura a saurari faifan kansa, rabi na biyu a kunna a ji daɗi. Ga kuma gargaɗi ga 'yan'uwana makaɗa. In kun ƙure murya a na'urar kunne, kun ceci maƙwabci kun kashe kunnenku, an gudu ba a tsira ba. Kada kuma ku yi wa iyaye alkawarin shiru tsit, domin takin babbar ganga yakan bi daɓe ya sauka ƙasa in gidan bene ne, sai an shimfiɗa darduma mai kauri.

Daga ƙarshe ina roƙon shugaban makaranta, da ƙungiyar iyaye da malamai, da tsofaffin ɗalibai, su taimaka a gwada. A fara da kaɗan, tagwaye guda da babban faifai guda, a sa wa gangunan da muke da su fatar raga. A ba mu zango ɗaya, sa'an nan a tambayi 'yan ajin da ke kusa da ɗakin taro, su za su yanke hukunci, gani ya kori ji. In sun ce mun dame su, a mai da kayan sito. In kuwa sun ce ba su ma san muna bita ba, to, a ƙara mana lokaci. Mu kuma 'yan ƙungiya wajibi ne mu kiyaye lokacin karatu da na ibada, mu riƙe kayan da amana. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa, amin.