Wanda Aka Kulle, Da Me Zai Biya Bashi?

Wace irin doka ce za ta kulle mutum saboda bashi, ta hana shi nema, sannan ta zauna jiran ya biya? A Sudan akwai ta. Sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mai da cekin da banki ya dawo da shi laifi, kuma kotu kan ce a ci gaba da tsare mai shi har sai ya biya. Manoman Gadarif sun san ɗacin wannan hukunci. Mutum ya ci bashi ya shuka dawa da riɗi, damina ta yi gardama ko farashi ya karye, sai ya wayi gari a gidan yari, tarakta tana tsatsa a ƙofar gida.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne inda wannan zaman banza yake faruwa. Tun shekarun 1940 ake noman inji a nan, mu ne rumbun ƙasa. Riɗi kuwa ba ya jira. Da zarar ganyensa ya yi ɗorawa, kwanaki ƙalilan suka rage, in ba a sa masa lauje an ɗaure an jingine ba, kawunan su fashe, ƙwayar ta zube a baƙar ƙasa. A lokacin masu gona neman hannu suke ido rufe, har daga Habasha ake kawo 'yan ƙwadago. Ga kuma ƙarti majiya ƙarfi a bayan katanga suna ƙirga kwanaki. Haba!

Kada wani ya ce ina kiran aikin bauta. Ƙa'idojin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce fursuna ya yi aiki a biya shi ladan da ya dace. A biya shi, a raba kuɗin: na iyali, na mai bin bashi, na ranar fita. A koya wa matasan ciki walda da gyaran tarakta, da takardar shaida a hannu. Nijeriya, duk da nata matsalolin, Buɗaɗɗiyar Jami'arta ta Ƙasa tana da cibiyoyin karatu a cikin gidajen yari, har digiri ake yi.

Diwanin Zakka yakan biya wa wasu bashi a sake su, Allah ya saka. To, sai me? Mutum ya fito hannu rabbana, ya nemi aiki a ce ya kawo fish, takardar nan ta 'yan sanda mai nuna ko an taɓa yanke masa hukunci. Shi ke nan, an rufe ƙofa. A watan Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke, dubban fursunoni suka fice daga gidajen yarin Kobar da Al-Huda. Wanda bai iya komai ba, wa zai riga mai raba bindiga ɗaukarsa aiki?

Ku kuma 'yan uwana Hausawan Gadarif masu gareji da gonaki, ba hukuma kaɗai ke da laifi ba. Yaron unguwarku ya fito, kuna yi masa barka da baki kuna ɓoye mabuɗin shago. Kowannenku ya ɗauki ɗaya a kakar bana, ya biya shi haƙƙinsa cif.