Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Darasin Natsuwa Daga Hasahisa

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin da ke bayyana sauƙin rai, amma ɗalibi zai yi kuskure in ya ɗauke su duk abu guda. Hutu na jiki ne, wanda ya yini yana noma shi ke neman sa. Kwanciyar hankali kuwa sau da yawa daga waje take zuwa, a biya bashi ko mara lafiya ya tashi, sai hankali ya kwanta. Ɗebe kewa na ɗan lokaci ne, kamar baƙon da ya zo ya tafi. Natsuwa ta bambanta da dukkansu, domin ita mutum ke yi wa kansa, ana koyon ta kamar yadda ake koyon saƙa. Misalinta ruwan kogi ne a lokacin ambaliya: in an ɗebo shi ja wur aka zuba a randa, babu dabarar da za ta sa ya washe sai a ƙyale shi laka ta kwanta.

Wannan zamani ya mai da natsuwa haja. Ana tallan ta a waya, a ce ga littafin da zai sanyaya zuciya, ga fim, ga kiɗa mai taushi. Babu laifi a cikin waɗannan, sai dai akwai ruɗi a yadda ake sayar da su, wato cewa sauƙin rai yana cikin sabon abu, kuma mutum shi kaɗai zai shige ɗaki ya same shi. Tarihin Hausawan Sudan yana nuna akasin haka, kuma sun fi kowa cancantar a saurare su, domin an jarraba natsuwarsu da abin da ya fi gajiyar ofis nauyi.

Hasahisa gari ne a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, a jihar Jazira, kan hanyar da ta taso daga Hartum zuwa Wad Madani, yana kallon garin Rufa'a a tsallaken kogi. A karkarar da ta kewaye shi, da sauran sassan Jazira har kudu zuwa Sinnar, akwai ƙauyuka da unguwannin da Hausa ce harshen cikin gida. Kakannin mutanen nan da ƙafa suka zo. Wasu hijira ta kawo su bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno kusa da Sinnar. Mafi yawansu kuwa maniyyata ne masu nufin Makka. Tafiyar da jirgi ke yi yau cikin 'yan sa'o'i, su shekaru take ɗaukar su. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, a yi kaka, a tashi. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ya riƙe dubbansu, zango ya zama gari. Masanin nan C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan suke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya da ba su iso ba tukuna.

Mutumin da ya gaji irin wannan tafiya ya gaji wani ma'auni na lokaci dabam. Karin maganar da ke cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, a wurinsa ba salon zance ba ne, labarin gidansu ne. Noman rani ma ya ƙara masa darasi, domin ruwan magudana bi da bi yake zuwa, gaggawar manomi ba ta matso da ranarsa.

Littafin da irin wannan matafiyi ya ɗauko a gafaka ba mai yawa ba ne. Alƙur'ani ne da farko, sai irin su Dala'ilul Hairati da Ishiriniya, waɗanda ake karantawa da rauji, a cikin jama'a, a maimaita su daren Juma'a bayan daren Juma'a har harshe ya san hanyarsa ba tare da ido ya duba ba. A nan ne hujjar take da ƙarfi. Abin da ke kwantar da rai a karatu shi ne komawa ga abin da aka riga aka sani. Sabon labari yana ta da hankali ne, yana sa a ƙagu a ji ƙarshe, kuma wannan daɗi ne na daban. Amma wanda ya koma ga Magana Jari Ce karo na biyar ba ƙarshen labari yake nema ba, ya san aku zai yi nasarar tsare ɗan sarki a gida. Muryar da ya saba da ita yake nema, kamar mai zuwa gaida tsohuwa wadda ya san duk abin da za ta faɗa. Shi kansa littafin na Abubakar Imam, in aka lura, a kan jinkiri aka gina shi: yaro yana ɗokin fita yaƙi, ana zaunar da shi da labari dare bayan dare har haɗari ya wuce.

Waƙa ma haka. Sudan ba za ta manta da A'isha Falatiya ba, wadda aka haifa a Kasala, 'yar maniyyatan da aikin hajji ya kawo, ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, ta rasu a 1974. Da Larabcin Sudan ta yi mafi yawan waƙoƙinta, ta kuma yi wasu da Hausa. Ga mai sauraro a ƙauyen Jazira, muryarta shaida ce cewa ana iya zama ɗan wurare biyu ba tare da an rabe gida biyu ba. Bayanta rediyo da kaset suka kawo Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo, sannan finafinan Kano suka biyo, a faifai da farko, daga baya a katin waya. Masu suka suna cewa finafinan nan labarinsu ɗaya ne, soyayya da kishiya da gado, kuma akwai gaskiya a sukar. Sai dai yaron da aka haifa a bakin Nilu, wanda Larabci ya fi yawa a bakinsa, ba sabon salo yake nema a cikinsu ba. Yana ganin zaure da tabarma, yana jin yadda ake durƙusawa a gaida uba, yana tsintar kalmomin da kakarsa ke faɗa. Kuma ba a cika kallon shi kaɗai ba, waya guda kan tara kai biyar.

Wannan taruwa ita ce rabin maganin. Dubi yadda ake shan gahawa a Sudan, wadda suke kira jabana. A gaban baƙo ake soya 'ya'yan a kan garwashi, a daka a ɗan turmi, a sa citta, a dafa a ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya, a zuba a finjali, a sha, a sake ɗorawa. Wanda zai je wani wuri ba ya zama. Gahawar kanta kurɓi uku ce, sa'ar da aka ɓata a kanta ita ce abin sha.

Dole a yi adalci a nan, kada a mai da talauci ado. Da yawa daga masu aikin gona a Jazira, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, a matsugunan leburori da ake kira kanabi suka yi zamani bayan zamani, ba filin kansu, ba asibiti kusa. Jinkirin da rashi ya tilasta ba abin yabo ba ne, kuma mai ƙoshi da ke sha'awar sa daga nesa bai san zafinsa ba. Akwai ma zargi mafi nauyi: wane irin mutum ne zai yi zancen waƙa da gahawa alhali ƙasa tana ci da wuta? A 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Jazira ta fara zama mafakar waɗanda suka gudo daga Hartum, sannan a Disamba 2023 Wad Madani ta faɗi, Hasahisa da ƙauyukanta suka shiga hannun RSF, sai a farkon 2025 sojoji suka ƙwato su. An wawashe gidaje, an kwashe motoci da wayoyi da amfanin gona.

Amsar zargin tana cikin abin da ya faru a Fabrairu 2024, lokacin da layukan waya da intanet suka ɗauke, Jazira ta daɗe a cikin duhun sadarwa. Duk sauƙin ran da ke rataye da intanet ya tafi a rana ɗaya. Wanda ke cikin katin waya ya rage har ranar da caji ya ƙare ko aka ƙwace wayar a shingen hanya. Abin da ya tsira shi ne wanda ke cikin ka: surar da aka haddace a gaban wutar tsangaya, baitin begen da aka maimaita tun ƙuruciya, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da uwa za ta yi wa yara ƙasa-ƙasa don kada su ji ƙarar da ke waje. Babu mai cewa waɗannan sun tare harsashi ko sun cika ciki. Sun dai riƙe hankali a wurinsa, kuma mai gudun hijira da hankalinsa shi ke iya tuna hanya, ya ƙirga yaransa, ya san inda zai nemi ruwa.

Saboda haka ɗalibin da ke tara littattafai ɗari a wayarsa yana da abin dubawa. Tarawa ba mallaka ba ce. Shafi ɗaya na Ruwan Bagaja da aka karanta a bayyane sau goma, har kunne ya kama inda jimla ke numfashi, ya fi zama nasa fiye da ɗarin da ya leƙa ya wuce, kuma ta haka ne harshe ke shiga jiki. Tsofaffin malaman zaure ba sa ƙara wa almajiri karatu sai ya biya na jiya, ko da kuwa ya ƙosa, ko da abokansa sun wanke allo sun wuce shi da izu guda.