A duba daɓen mota kafin a loda shanu



Idan za mu ɗauki tirela a kasuwar shanu, abu biyu muke tambaya: nawa ne kuɗin mota, kuma kai nawa take ci. Da wuya ka ga wanda ya hau bodi ya dubi inda dabbar za ta tsaya. Mu a ganinmu wannan sakaci ne, kuma yana cin dukiyarmu.

Daga Tawa zuwa Yamai tafiyar ta fi kilomita 500. Daga Ƙonni zuwa Ikko kuwa ta fi kilomita 1,000. Duk tsawon hanyar nan saniya a tsaye take bisa kofato huɗu, ana taka birki, ana faɗawa ramuka. Tirela guda takan ɗauki shanu 30 ko fiye, kuma nauyinsu duka a kan daɓen yake.

Daɓe iri biyu muka fi gani. Na katako yana riƙe kofato, ba ya zafi da rana, amma yana shan fitsari da kashi. Ruɓarsa daga ƙasa take farawa, wajen ƙusoshi da inda katako ya hau kan ƙarfe, ta yadda sama lafiya lau, ciki kuwa ya zama gari. Na ƙarfe ya fi daɗewa, sai dai da zarar ya jiƙe ya zama santsi, ga zafi da rani. Fitsari yana sa shi tsatsa, balle motar da ta saba ɗaukar gishiri ko takin zamani.

Mun ga abin da idonmu. Wani ɗan ƙungiyarmu ya loda bijimai, cikin dare katako ya ɓurma, ƙafar sa guda ta zurma ta karye. Da ya faɗi, sauran suka tattake shi. Aka yanka shi a bakin hanya, mahauta suka saya yadda suka ga dama. Mai mota ya ce ƙaddara ce, ya karɓi kuɗinsa cif. Mun yarda da ƙaddara, amma ruɓaɓɓen katako aikin mutum ne.

Masu motoci za su ce katako da walda sun yi tsada, kuma mu ne muke neman mota mai araha, mu cusa shanu fiye da kima. Wannan gaskiya ne, laifin namu ne da su. To amma araha ba ta ado. Kuɗin falanki biyu ko uku bai kai ko cinyar sa guda ba.

Don haka ga shawararmu. Kafin lodi, mai shanu ya sa a share daɓen ya gan shi tsirara, domin tsohuwar ƙasa tana ɓoye rami. Ya bubbuga katako da sanda, ya leƙa ta ƙarƙashi, ya nemi ƙusar da ta fito. In na ƙarfe ne, a ga an yi masa gwadabe na sanduna da kofato zai kama. A zuba sabon rairayi mai kauri, a shimfiɗa tattaka ko kara a kai. Bayan saukewa a kwashe, a wanke, a bar shi ya bushe, domin ciwon baki da kofato yana bin ƙazantar da aka bari.

Muna kuma kira ga sarakunan kara da shugabannin direbobi da ma'aikatan dabbobi da mu zauna mu yi yarjejeniya: motar da daɓenta bai da kyau kada ta shiga layi, kuma asarar da daɓe ya jawo, mai mota ya ɗauki rabonsa, a faɗa gaban shaidu tun kafin a tashi.

Shekara biyar ake kiwon sa. Kada mu bar falanki guda ya cinye shi a dare ɗaya. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya kai matafiya lafiya, amin.