Ra'ayinmu: Aikin Kula Da Tsofaffi Sana'a Ce, A Koye Ta Da Kyau

Idan masu karatu za su iya tunawa, a ranar 22 ga watan Yulin 2025 ne gwamnatin Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, ƙofar da ta buɗe a watan Fabrairun 2022 lokacin da ƙarancin ma'aikata ya yi tsanani. Alƙaluman ƙungiyar Skills for Care sun nuna cewa a shekarar 2021 zuwa 2022 akwai guraben aikin kulawa kusan 165,000 da babu kowa a kansu a Ingila kaɗai. Ta wannan ƙofa ce dubban 'yan Najeriya da Gana suka shigo, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa, suka tarar da waɗanda suka daɗe a nan suna wannan aiki da muke kira “aikin keya”.

An dai rufe ƙofa, amma aikin yana nan, tsofaffi kuma kullum ƙaruwa suke yi. Abin takaici shi ne yadda har yanzu wasu daga cikinmu ke kallon wannan aiki a matsayin aikin ƙasƙanci, wanda mutum zai ɓoye wa dangi, ya yi shi da rabin zuciya kafin Allah Ya kawo wani. A ra'ayinmu wannan kuskure ne babba. Taimaka wa ma'aikatan jinya wajen kula da tsoho sana'a ce mai ƙa'idoji, kuma duk wanda ya shige ta bai koye ta ba, to yana wasa ne da ran wani, yana kuma wasa da makomarsa a ƙasar nan.

Bari mu fara da fayyace ko mene ne aikin. Mataimakin nas, ko mai kulawa a gidan tsofaffi, shi ne ke taimaka wa tsoho a kan abubuwan da a da yake yi wa kansa: wanka, sa tufafi, cin abinci, zagayawa bayi, tashi daga gado da komawa. Ba shi ne ke gano cuta ba, ba shi ne ke rubuta magani ba, kuma ko bayar da maganin ba zai yi ba sai an horar da shi an tabbatar ya iya. Sai dai shi ne ya fi kowa daɗewa tare da tsohon. Likita kan leƙo jefi-jefi, nas na da mutane da yawa a hannunta, amma mai kulawa yana nan safe da dare. Saboda haka shi ne idon nas, shi ne kunnenta.

Ita kanta ƙasar nan sai da ta sha wuya kafin ta ɗauki horon waɗannan ma'aikata da muhimmanci. Bayan rahoton Robert Francis na 2013 a kan sakacin da aka yi da marasa lafiya a asibitin Stafford, gwamnati ta sa Camilla Cavendish ta binciki yadda ake horar da mataimakan ma'aikatan jinya, inda ta gano cewa babu wani ma'auni guda da kowa zai cika kafin ya fara taɓa majinyaci. Daga nan ne aka fito da takardar shaidar da ake kira Care Certificate a watan Afrilun 2015, mai ƙunshe da darussa 15, waɗanda aka mayar 16 a shekarar 2025. Akan so sabon ma'aikaci ya kammala ta cikin makonni 12. Wani abin lura shi ne, ba a samun ta ta hanyar danna kwamfuta kawai. Dole ne wani ƙwararre a wurin aiki ya tsaya ya ga yadda mutum ke yi da hannunsa kafin ya sa hannu.

Darasi na farko shi ne mutunci. Tsohon da ake yi wa wanka yau, jiya shi ne maigida, shi ne ya ciyar, ya tufatar, ya aurar. Don haka sai a ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga, a gaishe shi da sunan da yake so, a faɗa masa abin da za a yi, a nemi yardarsa, a rufe labule, a kuma lulluɓe sashen jikin da ba a kai ga wankewa ba. Dokar da ta shafi ikon yanke shawara ta 2005 ta ce a ɗauka cewa kowane baligi yana da hankalin zaɓar wa kansa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓin da wani ke gani na wauta ne ba ya zama hujjar cewa hankali ya gushe. Idan tsohuwa ta ce ba ta son wanka yanzu, ba a jan ta da ƙarfi. A lallashe ta, a sake dawowa anjima, a kuma rubuta. Haka nan abin da tsoho zai iya yi da kansa, ko da sa maɓallin riga ne, a bar shi ya yi ko da zai ɗauki lokaci, domin hannun da aka daina aiki da shi yakan mutu da wuri.

Na biyu shi ne fata. Mutumin da ya daɗe a kwance ko a zaune wuri guda, nauyin jikinsa kan toshe jini a wuraren da ƙashi ke kusa da fata, kamar diddige, ƙasan baya, ƙugu, gwiwar hannu da allon kafaɗa. Cikin 'yan sa'o'i gyambon kwanciya zai iya farawa, idan kuma ya ci gaba yakan kai har ƙashi, ya zama ajali. Hukumar NICE mai shimfiɗa ƙa'idojin jinya ta ce wanda ke cikin haɗari a juya shi aƙalla kowane sa'o'i 6, wanda haɗarinsa ya fi yawa kuma kowane sa'o'i 4, wasu ma tsarin kulawarsu kan buƙaci fiye da haka. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. An saba koyar da cewa alamar farko ita ce fata ta yi ja, alhali a jikin baƙin mutum jan ba ya fitowa sosai. Abin dubawa shi ne wurin da ya fi sauran duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi zafi, ko tauri, ko tsohon ya ce yana masa ciwo. Ma'aikacinmu da ya san wannan zai iya ceton dattijon da wani zai duba ya ce lafiya lau.

Na uku shi ne ɗagawa da motsarwa. Hukumar lafiya ta NHS ta ce kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura shekara 65 kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa rabi ne. Karayar ƙugu a wannan shekaru sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi. Ciccibar tsoho ta hammata, kamar yadda aka saba a gida, abu ne da aka hana, domin yana goce masa kafaɗa, yana kuma lalata bayan mai ɗagawar. Idan tsarin kulawa ya ce mutum biyu ne za su yi aiki da na'urar ɗagawa, to mutum biyu ne, komai ƙarancin ma'aikata a wannan dare. Idan kuma tsoho ya faɗi, ba a gaggawar tsayar da shi sai an duba ko ya ji rauni.

Na huɗu shi ne ci da sha. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa ya yi masa nisa, haɗiya kan yi masa wuya, abinci ko ruwa ya sarƙe shi ya gangara huhu, ya haifar da ciwon nimoniya. Shi ya sa ake zaunar da shi tsaye sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye. Akwai ma'auni na duniya mai matakai daga 0 zuwa 7 da ke nuna kaurin abin sha da laushin abincin da ya dace da kowane mutum. Tausayi ba ya nufin a ba wa wanda aka rubuta wa abinci mai laushi tsire ko ƙosai a ɓoye. Wannan gargaɗi ya haɗa da dangi masu kawo ziyara da kwanon abinci: a tambayi ma'aikata tukuna.

Na biyar shi ne lura da rubutawa. Tsohon da jiya yake hira, yau ya wayi gari a ruɗe ko yana ta barci, kada a ce ai tsufa ne. Sau da yawa alama ce ta ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wata cuta da za a iya magancewa idan an sanar da nas da wuri. Abin da ya ci, abin da ya sha, lokacin da aka juya shi, duk sai an rubuta da gaskiya a kan lokaci, domin a kan wannan rubutu ne likita zai yanke hukunci. Cike takarda da abin da ba a yi ba ha'inci ne, kuma ranar da bincike ya zo, sa hannun ma'aikaci za a nema. Wanda kuma ya ga ana zagi, ko duka, ko cin kuɗin tsoho, wajibi ne ya kai rahoto ga shugaban gidan, idan ba a ɗauki mataki ba ya kai ga ƙaramar hukuma ko hukumar CQC mai sa ido a kan gidajen kulawa a Ingila. Tun daga 2015, cin zarafi ko sakaci da gangan daga mai kulawa laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har na shekara 5.

Wani hanzari ba gudu ba, wannan magana ba ta tsaya ga masu neman abinci da aikin kaɗai ba. Iyayenmu da suka zo Landan, Manchesta da sauran garuruwa shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce, yau su ne tsofaffin. A gida, gandu ne ke ɗaukar tsoho: ga matan gida, ga jikoki, ga maƙwabta. A nan kuwa ɗa na aiki a wani gari, 'ya na da nata yaran, gidan kuma ɗaki biyu ne a hawa na uku. Kunya ta sa da yawa ba sa neman taimako har sai mai jinyar ta durƙushe ita ma. Alhali dokar kulawa ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta auna buƙatun duk wanda ake ganin yana buƙatar kulawa, kyauta, ta kuma auna buƙatun ɗan'uwan da ke jinyarsa. Neman wannan haƙƙi ba yar da iyaye ba ne.

Bugu da ƙari, ƙungiyar Alzheimer's Society ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna gidajen kulawa suna fama da gigin tsufa ko matsalar mantuwa mai tsanani. Sananne ne cewa mai wannan lalura yakan rasa harshen da ya koya daga baya, ya koma na ƙuruciya. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana aiki da Turanci zai iya wayar gari ba ya jin komai sai Hausa. Idan ya ƙi abinci don yana zaton azumi ake, ko ya dage sai ya tashi da asuba neman ruwan alwala, wanda bai san mu ba zai rubuta cewa yana da rigima. Ma'aikacin da ya san taimama, ya san alƙibla, ya san cewa Hajiya ba za ta yarda namiji ya yi mata wanka ba, ya kuma iya cewa “Sannu Baba, ina kwana?”, yana da abin da babu makarantar da ke koyar da shi. Amma sai ya haɗa da ilimin aikin, in ba haka ba ya zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ba mu manta da cewa aikin na da ɗaci ba. Albashin mafi yawan masu yin sa bai wuce mafi ƙarancin albashi da kaɗan ba, wanda aka ƙayyade a kan fam 12.21 a sa'a a watan Afrilun 2025. An kuma cuci mutane da yawa. Gwamnati da kanta ta bayyana cewa tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin ɗaukar ma'aikata daga waje na kamfanonin kulawa fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Wasu sun sayar da gida ko gona sun biya dillalai, suka iso babu aikin. Duk ɗan'uwan da ya karɓi kuɗin ɗan'uwansa da sunan samar masa aiki, ko ya sayar masa da takardar horo ta bogi, ko ya ara masa suna ya je aiki a madadinsa, ya sani cewa ya ci amanar mutum biyu: wanda ya karɓi kuɗinsa da tsohon da za a danƙa a hannunsa.

Saboda haka muna kira ga masu wannan aiki da su riƙe shi da daraja, su kammala horonsu na gaskiya, su nemi ƙarin takardu, domin daga nan akwai hanyar zama babban mai kulawa, shugaban gida, har ma nas. Muna kira ga ƙungiyoyinmu da limamanmu da su gayyato ma'aikatan jinyar da muke da su, su riƙa koya wa iyalai yadda ake juya mara lafiya, ciyar da shi da gane alamun haɗari, su kuma tsara ziyara ga dattawanmu da ke gidajen kulawa, musamman a watan azumi da lokacin sallah. Iyaye kuma su daina yi wa 'ya'yansu gori a kan wannan sana'a.

Masu iya magana na cewa abin da ka shuka shi za ka girba. Duk wanda Allah Ya ja da ransa, wata rana hannun wani ne zai tashe shi daga gado. Ya rage namu mu tabbatar cewa wannan hannu ya san abin da yake yi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.