Georges Mandel: Gwarzon Wa?

A birnin Paris akwai babban titi mai sunan Georges Mandel, kuma Faransawa ba sa ambatonsa sai da jinjina. Ba na musun jarumtakarsa. A watan Yunin 1940, da dakarun Hitler suka ci Faransa, an yi masa tayin jirgin gudu zuwa Ingila ya ƙi. Gwamnatin Vichy mai yi wa Jamus biyayya ta ɗaure shi, daga bisani ya sha zaman sansanin Buchenwald. Ranar 7 ga Yulin 1944 'yan bindigar Vichy suka harbe shi a dajin Fontainebleau. Bayahude ne, ya san abin da ke jiransa, bai kuwa rusuna ba.

Sai dai mayaban nan suna tsallake shekaru biyu. Daga 1938 zuwa 1940 shi ne ministan ƙasashen da Faransa ta mallake, kuma babban aikinsa shi ne ɗibar samarin Afirka, har da na Nijar, zuwa fagen daga. Wa ya nemi yardarsu? Mutumin da ya ƙi zama bawan Jamus bai ga aibun riƙe wasu cikin ƙangi ba!

Ranar 1 ga Disambar 1944 sojojin Faransa suka buɗe wa irin waɗannan samari wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, don sun nemi bashin albashinsu. Mandel ya riga ya mutu, ban ɗora masa jininsu ba. Amma shi an san kabarinsa. Su kuwa har yau ana gardamar yawansu, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan gilla.