Jirgi Uku Ba Runduna Ba Ne

A watan Mayun 2021 aka yi biki a Makurɗi, Rundunar Sojin Saman Najeriya na cika shekara 57, aka fito da jiragen yaƙi samfurin JF-17 Thunder da aka sayo daga Pakistan. Guda uku, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 184. Jirgin ba shi da laifi. Pakistan da Sin suka haɗa hannu suka ƙera shi, a Kamra ake harhaɗa shi, yana iya karawa da jirgi a sama, yana iya kai hari a ƙasa. Laifin na waɗanda suka sa hannu a takarda ne, kuma da su nake.

Kun fi kowa sanin cewa jirgin yaƙi ba ya yini a sama. In ya yi wasu sa'o'i yana shawagi, dole a shigar da shi rumfa a kwance shi a duba. A cikin ukun nan, in ɗaya na hannun makanikai, ɗaya na horar da matuƙa, saura nawa ga ƙasar da wuta ke ci daga Sambisa har dazukan Zamfara? Kuma saboda ukun nan sai an tura matuƙa karatu, an horar da masu gyara, an buɗe ma'ajiyar kayan gyara ta daban. Injinsa, RD-93, na Rasha ne. Na'urar hangensa ta Sin ce. Wanda ya sayi jirgin da aka ƙera domin sayar wa baƙi, linzamin yana nan hannun mai sayarwa: kayan gyara, makamai, da izinin taɓa kwamfutar cikinsa. Kun ɗaura wuyanmu a ƙofar ƙasashe uku saboda jirgi uku.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wannan ba karon farko ba ne. A 1984 Najeriya ta fara karɓar jiragen Jaguar daga Birtaniya, guda 18. Ba su yi shekara goma suna tashi ba aka jingine su a nan Makurɗin, don kuɗin kula da su ya gagara. A 2005 aka ƙulla cinikin F-7 guda 15 daga Sin. An rasa da yawa a haɗurra, har da biyun da suka yi karo a Abuja a Satumbar 2018 wajen atisayen bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu. Duk ɗan Bahaushen da ya taɓa ɗaure doki ya san kuɗin saye shi ne ƙarami, harawa da dusa da kanwa su ne aikin. Ku kun sayi doki sau uku ba ku tanadi harawa ba.

Wata biyu bayan bikin Makurɗi, a Yulin 2021, 'yan bindiga suka harbo jirgin sojan sama a Zamfara. Alpha Jet ne, irin wanda muke ja tun farkon shekarun 1980. Allah Ya kuɓutar da matuƙin. Tsohon jirgi ne ke ɗauke da yaƙin a ranar.

Bayan haka kuma an yi odar M-346 guda 24 daga Italiya, ga Super Tucano 12 da aka sayo ta hannun Amurka, kowanne da nasa makanikai da nasa kayan gyara. 'Yan Majalisar Tarayya da ke amincewa da waɗannan kuɗaɗe, ku ma kuna ciki. Kafin ku ƙara sakin ko kwabo, ku kira hafsoshin sojin sama, ku tambaye su cikin JF-17 ukun nan nawa ke iya tashi yau, kuma nawa aka ware don gyaransu a shekara goma masu zuwa.